Tsufan Aro

A shagona da ke bayan Ƙofar Ƙaura,
inda janareta ke tari sau uku kafin ya kama,
Hajiya Ladingo ta shigo da kwalbar yaji
tana son takardar da za a manna mata.
Na nuna mata haruffa masu tsayuwar soja,
ta yatsine.
Na nuna mata masu tumbi,
ta ce wannan ai sai allon banki.

Sai na buɗe wani da na sauke daren jiya,
mai kwaikwayon rubutun hannu,
a karkace, yana jan ƙafa,
tawadar na tsinkewa a tsakiyar kalma
kamar zaren da ɓera ya taɓa,
gefen kowane harafi a cinye
sai ka ce gara ta yi kwana uku a kai.

"Yauwa," ta ce, "wannan.
Mai saye zai ɗauka tun kakanni muke daka shi."
Yajin kuwa shekaranjiya aka niƙo shi a inji.

Na buga: Yajin Daddawa, Ɗanɗanon Asali.
Kwamfuta ta ba ni akwati biyu fanko
inda ɗ ya kamata ya zauna.
Wanda ya ƙera rubutun, can ƙasar ƙanƙara,
ya san yagewa, ya san ɗigon tawada,
ya san yadda takarda ke yin furfura,
amma bai san ƙugiyar
da ke raba ƙashi da kashi ba.

Na ce Hajiya ta dawo gobe.

Da dare na jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado.
Mahaifina, Malam Ɗayyabu,
shekara talatin da ɗaya a gindin darbejiya
gaban gidan waya, da teburi mai ƙafa guda gajera,
yana rubuta wa mutane kewarsu.
Bayan gaisuwa mai yawa.
Saniyar ta haihu. Rufin ya zuba.
A turo ko nawa ne.
Rubutunsa a lokacin kamar jeren tsaba a kunya,
ba wadda ke taka 'yar'uwarta.

Wasiƙun ƙarshe ne na nema,
na shekarar da hannu ya fara yi masa gardama.
Biro na tafiya, ya tsaya, ya yi rawa,
layi ya gangara kamar mai neman wurin zama.
A shekarar ya naɗe teburin.
Ya ce ba zai karɓi kuɗin mutane
ya ba su tafiyar kaza ba.
Har ya rasu, in za a sa hannu a takarda
sai ya juya mana baya.

Abin da ya ɓoye ke nan,
shi ne yau ake saye da tsada:
katin biki, rigar 'yan makaranta,
allon mai shayi da ke son a ce ya daɗe.
Kowa na son tsufa,
ba mai son ciwon gwiwa.

Na ɗauki hoton ɗ ɗinsa guda,
daga kalmar ɗana,
ƙugiyar ta waiwayo kamar kan zabuwa
da ta ji motsi a bayanta.
Na wanke shi, ban wanke rawar ba.
Na dasa shi a ramukan nan biyu.
Ya zauna daram, ko ɗinki ba a gani.

Hajiya ta biya, har da ƙarin ɗari biyar.

Yanzu in na shiga kanti a Sabon Layi
na ga kwalaben jere a kan kanta,
haruffa ashirin da wani abu suna ƙaryar shekaru,
biyu ne kawai a cikinsu suka taɓa jin sanyin asuba,
suka taɓa riƙe kofi ya zube.
Nakan ɗauki kwalba ɗaya, in juya ta,
in shafa wurin da babban yatsa.
Yaron kanti ya ce, "Anti, za a saka a leda?"
In ce a'a,
gaisawa kawai muke yi.